Haushi, takaici da tsokana a bakin Bature

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Asawase ce a Kumasi, ƙasar Gana, ina aiki a wani ofis a unguwar Adum inda muke tura man kaɗanya zuwa Ingila. Kwanaki na tuna wa wata Baturiya da ke sayen kayanmu maganar kuɗin da ba ta biya ba, na fara saƙon da "Sorry for worrying you". Sai ta amsa da "I wasn't worried. Should I be?" Mako ya zagayo kuɗi shiru, na sake rubuta mata "This delay is provoking my boss". Ranar ta bugo wa ogana waya da kansa, wai ana yi mata barazana. Ni kuwa wallahi ladabi nake nufi. Ina na kuskure? Kuma mene ne bambancin annoy, irritate, vex, provoke, upset da sauran 'yan'uwansu? Ƙamus ɗina duk kusan fassara ɗaya yake ba su.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba Turancin banza kika rubuta ba. Turancin Kumasi kika rubuta wa wadda ba ta jin sa. Na koyar da Turanci a sakandare har na yi ritaya, kafin nan kuma na taɓa aikin tafinta a kotu, saboda haka waɗannan kalmomi sun sha kayar da ni kafin su kayar da ke.

Yawancin ɗalibai suna ɗauka cewa kalmomin nan tsani ne, wannan ƙaramin fushi, wancan babba, sai a haddace su daga ƙasa zuwa sama. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ya fi raba su shi ne inda kowace take nuna yatsa. Wata tana faɗin abin da ke cikin zuciyarki kawai, wata tana ɗora wa mutumin da kike magana da shi laifi, wata kuma tana cewa da gangan ya yi. A wasiƙar kasuwanci wannan bambancin shi ne kome.

Bari mu fara da worry, tunda ita ta fara ba ki kunya. A Hausa muna da kalma ɗaya mai ɗaukar kaya biyu. Idan yaron mota a tiroto, wato motar haya, ya ishe ki da maganar canji, kya ce "ka dame ni". Idan ƙaninki ya tafi Suame tun safe har isha bai dawo ba, kya ce "na damu". Tushe ɗaya ne. Maƙwabtanmu masu jin Twi ma haka suke da ɔhaw, tana ɗaukar fitina tana ɗaukar damuwar zuci. To da Turanci ya shigo mana, sai muka kama worry muka labta mata kayan nan biyu. Shi ya sa a kasuwar Kejetia za ki ji ana "stop worrying me", kowa ya gane ana nufin ka ƙyale ni in sha iska. A Ingila kuwa worry kaya ɗaya take ɗauka a maganar yau da kullum, wato na biyun, fargabar kada wani mugun abu ya faru. Abin da Baturiyar ta karanta a saƙonki shi ne "ki yi haƙuri na jefa ki cikin fargaba". Dole ta tambaya. Ina jin a ranta har ta fara tunanin ko kwantenarta ta maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema.

Abin da ya kamata ki ce shi ne "Sorry to bother you". Bother ita ce "damu" ɗinmu ta farko, mara nauyi, mai ladabi. "Sorry to trouble you" ta fi ta ɗan tsufa da ƙarin girmamawa, ta dace da dattijo. Disturb, wadda mu a nan muke zuba ta a kome kamar magi, asalinta katse wa mutum abin da yake yi ne, barci ko taro ko karatu, shi ya sa ake rataye ta a ƙofar ɗakin otal. Amma ki kula da ita idan ta juya. "Disturbing news" labari ne mai tayar da hankali, kamar na haɗari ko kisa. Idan kuma aka ce da yaro "a disturbed child", ana nufin akwai matsala a ƙwaƙwalwarsa ko halayyarsa, ba wai an hana shi barci ba. Na taɓa ganin malamin aji ya rubuta haka a takardar sakamakon yaro, shi a nufinsa yaron yana da surutu.

Wani abin dariya, mu ne muka fi kusa da tsohuwar ma'anar worry. A tsohon Turanci shaƙe wuya take nufi, kuma har gobe manoman Ingila idan kare ya bi tumaki yana cizo suna cewa "the dog is worrying the sheep". Ke nan ba daga sama muka tsinto tamu ba. Sai dai wannan ba hujja ba ce a gaban mai bin ki da ido tana jiran takardar kaya.

Yanzu ga babbar, provoke. A nan zan ɗan daɗe, don ita ce ta taɓa sa ni zufa a gaban jama'a.

Ina sabon tafinta aka kawo shari'ar wasu mutum biyu da suka yi dambe a tashar mota, ɗaya ya fasa wa ɗaya baki. Wanda ake ƙara dattijo ne mai sayar da goro, ba ya jin Turanci ko na sisin kwabo. Yana tsaye a akwati, ya riƙe hularsa da hannu biyu yana murza ta. Aka tambaye shi me ya sa ya kai duka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ya tsokane ni." Ni kuma ba tare da tunani ba na juya na ce, "Your Worship, he says the man teased him." Na ga majistare ya ɗaga kai daga rubutu ya dubi dattijon da wani irin kallo, irin na "kai da furfurarka, don an yi maka wasa ka fasa bakin mutum?" Allah ya taimake shi lauyansa ɗan Zango ne mai jin Hausa. Ya miƙe a hankali, ya gyara kwat, ya ce shi dai da kunnensa ya ji "tsokana", kuma a wannan wuri provoked ake nufi. Aka sa na sake tambayar dattijon. Ashe mutumin ya zagi mahaifiyarsa ne a gaban mutane, sa'an nan ya ture masa faifan goro da ƙafa. Ranar ban ci abincin rana ba.

Kin ga, tsokana ma fuska biyu gare ta. Akwai ta wasa, irin ta jika da kaka, ko ta taubasai, ko irin wadda ƙabilun Farafara da Dagarti suka shahara da ita a ƙasar nan, a gaya wa juna baƙar magana a yi dariya a rabu lafiya. Wannan ita ce tease, mu ce zolaya. Akwai kuma ta tono, ta neman rigima, wadda ake takalar mutum da gangan don ya yi abin da zai yi nadama. Wannan ita ce provoke. Tushenta na Latin ma'anarsa kira mutum ya fito, kamar yadda ɗan dambe ke shiga fage ya nuna abokin karawa. Kalma ce da doka ta san da zamanta. A dokar laifuffuka ta Gana, Act 29 ta 1960, sashe na 52 da na 53 sun yi bayanin yadda matsananciyar tsokana, wadda ta fitar da mutum daga hayyacinsa, take iya mayar da laifin kisan kai da gangan ya koma mai sauƙi a kansa. Wato kalmar a kullum tana tafe da inuwar abin da zai biyo baya.

To ki sake karanta saƙonki da kunnen Baturiyar. "This delay is provoking my boss." Abin da ta ji shi ne: kina takalar ogana, kuma duk abin da ya yi miki ke kika jawo. Ko ni ne sai na ɗauki waya.

Annoy da irritate su ne na amfanin kullum, kuma sau da yawa ɗaya tana iya zama a gurbin ɗaya. Annoy ita ce ba da haushi, shi ke nan. An ɗauke wuta kina tsakiyar guga, annoying ne. Irritate tana da ƙaiƙayi a cikinta: ƙaramin abu ne mai maimaituwa, kukan sauro a kunne, ko mai taunar cingam a bayanki tun daga Kumasi har Accra. Likitoci ma da ita suke bayanin fata ko ido da ya yi ja yana ƙaiƙayi, kuma ke da kike harkar man kaɗanya za ki riƙa ganin "does not irritate the skin" a jikin kwalabe. Ba za a taɓa rubuta annoy a wurin ba, don fata ba ta jin haushi. Annoy kuwa, in kin bi salsalarta, daga wata magana ta Latin ta fito mai nufin abin ƙi, amma yawan amfani ya side ta kamar tsohon sulai, yanzu ba ta da kaifi sosai.

A nan ne ɗalibaina suka fi zubar da maki, ba a ma'ana ba, a wutsiyar kalma. Annoyed ke ce aka ba haushi. Annoying ke ce mai ba da haushin. Yarinya ta taɓa rubuta mini "I was very annoying with my brother", na ce mata na yarda, amma ba abin da take son faɗi ba ke nan. Kuma annoyed with ake cewa ga mutum, annoyed about ga al'amari. Ga wani tarkon namu na gida: samarin unguwar Aboabo in suna buroka, wato Turancin titi, suka ce "I bore", haushi suke nufi. Bature in ya ce "I am bored", gundura ce, ba shi da abin yi, bai yi fushi da kowa ba. Wanda ya ce "I am boring" kuwa ya shaida wa duniya cewa zama da shi babu daɗi.

Vex tamu ce, mun riƙe ta gam. "No vex" a buroka daidai take da "yi haƙuri", ko ƙafa ka taka wa mutum ita za ka faɗa. A Turancin Ingila na ofis kuwa ta tsufa, tana warin tsohon littafi. Inda ta rage da rai sai a "a vexed question", wato maganar da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta ba a warware ba, sai kuma a bakin lauyoyi, masu cewa ƙara "frivolous and vexatious" ce idan an shigar da ita don a wahalar da mutum kawai. Samarin Landan ma suna faɗin ta a titi, sun same ta ta hanyar mutanen Jamaika. Amma a wasiƙa, ki bar ta a gida.

Masu zafin ba su da wuyar ganewa. Anger fusatawa ce kai tsaye. Enrage da infuriate su ne harzuƙa da hasala, inda ido ya rufe. Ba na jin za ki buƙace su a Adum. Biyu kawai zan tsaya a kansu. Exasperate ita ce a ƙure miki haƙuri, ba don mugunta ba, sai don an maimaita abu har kin rasa ta cewa: kin gaya wa yaro sau goma ya rufe randa, kin dawo kin tarar da ita a buɗe, kin ɗaga hannu sama kin ce "ni 'yasu". Akwai gajiya a cikinta, wani lokaci har da ƙauna. Aggravate kuma asalinta ƙara wa abu nauyi ne, kamar ƙurar hunturu da ke tsananta wa mai asma ciwonsa. Mutane da yawa suna amfani da ita a ma'anar ba da haushi, kuma ba sabon abu ba ne, amma ni ina gaya wa masu shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, su bar ta a ma'anarta ta farko, babu mai maki da zai yi musu gardama a kan wannan.

Mad sai da lura. Ba'amurke in ya ce "Are you mad at me?" tambaya yake ko kina fushi da shi. A Ingila ta fi karkata ga hauka. A Kumasi kuwa kin san abin da zai faru in kika ce wa direba "are you mad". Haka pissed: a Amurka fushi, a Ingila buguwa da giya, kuma a duka biyun ba maganar gaban manya ba ce. Yaranmu suna kwaso ta daga fina-finai suna yaɓa wa malamansu ba su san nauyinta ba.

Upset ta bambanta da duk waɗannan, kuma ina ganin ita ce mafi kusa da "ɓacin rai" namu. Ma'anarta ta zahiri kifarwa ce, kamar a ture kofin koko. Shi ya sa ake cewa "upset stomach" ga ɓacin ciki, kuma in ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta doke babba irin Kotoko 'yan jarida su ce an yi upset. Ga mutum, ɓacin rai ne da ya fi kusa da hawaye fiye da dambe. Wanda yake upset ba lallai ne yana zargin kowa ba, mai yiwuwa rasuwa aka yi masa. Saboda haka in kika ce wa mutum "I was upset by what you said", kin buɗe masa ƙofar ba da haƙuri. In kika ce "you annoyed me", kin ja daga.

Offend ta shafi mutunci da al'ada. Ki miƙa wa dattijon Asante kuɗi da hannun hagu ba tare da neman afuwa ba, ba haushi kawai kika ba shi ba, kin taɓa darajarsa, wannan shi ne offend. Ita ma tana da ƙafa a doka, domin sashe na 207 na Act 29 ɗin nan yana hukunta "offensive conduct" da ka iya jawo tashin hankali, kuma 'yan sanda suna yawan kama mutane da shi a kan zagi a bainar jama'a.

Sai rukunin da babu fushi a cikinsa sam, wanda ƙamus ɗinki ya cakuɗa da sauran. Unsettle ita ce a hana hankalinki kwanciya ba tare da kin iya nuna dalili ba. Baƙuwar lamba ta kira ki, mai magana ya ambaci cikakken sunanki da unguwarku, ya ce ya turo miki kuɗin momo, wato kuɗin waya, bisa kuskure ki mayar masa. Kin kashe wayar, ba ki yi asarar ko sidi ɗaya ba, amma har dare kina tunanin ina ya samo sunanki. Ba ki fusata ba, ba ki kuma firgita sosai ba. Wannan zaman na rashin sukuni shi ne unsettled. Rattle ta fi ta gaggawa, a rikita mutum nan take har ya rasa abin faɗi, aikin da lauya ke yi wa mai shaida ke nan. Unnerve a sare masa gwiwa. Alarm kuma a razana shi da labarin haɗari.

Akwai wasu ukun da ba zuciyarki suke kwatantawa ba, halin mai yi suke kwatantawa. Pester naci ne, irin na yaro mai son alewa, ko na masu gwanjo da ke jan hannunki a kasuwa. Nag mita ce, a yi ta nanata magana ɗaya a cikin gida. Harass kuwa ki riƙe ta da hannu biyu. Mu a nan mukan ce "the mate was harassing me for change" mu wuce, amma a ofis kalma ce ta tuhuma, tsangwama ce mai ci gaba wadda ake kai ƙara a kanta. Dokar ƙwadago ta Gana, Act 651 ta 2003, ta ambaci "sexual harassment" da sunanta, haka ma dokar hana cin zarafi a cikin gida, Act 732 ta 2007, ta sa harassment cikin abubuwan da ta hana. Ranar da kika rubuta ta a kan abokin aiki, ki sani fayil kika buɗe.

To me ya kamata ki ce wa Baturiyar? Kalmar da kike nema ita ce frustrating, wato takaici. Takaici shi ne kina son abu ya tafi, wani abu ya tare hanya, ba ki da yadda za ki yi. Daɗinta shi ne yatsanta yana nuna halin da ake ciki, ba mutum ba. "The delay is frustrating" ba ta zargi kowa ba, amma an ji saƙon. Sai dai kada ki juya ta irin tamu ki ce "you are frustrating us", don a nan ta koma zargin cewa da gangan take yi muku ƙafar ungulu.

Kuma ki san halin mutanen da kike ciniki da su. Turawan Ingila, musamman a rubuce, suna rage murya ne daidai lokacin da ransu ya fi ɓaci. Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba: dattijon da ya ce miki "to, madalla, kin kyauta" da wata irin murya, kin san ba yabo ba ne. In Baturiya ta rubuta "I am a little concerned", maganar ta fara girma. In ta ce "I am disappointed", ta kai inda ake tunanin sauya abokin ciniki. In kika ga "I was surprised to learn", ki je ki duba me kuka yi. Duk wanda ya zo musu da enraged da provoked a kan kuɗin da ya yi lattin mako ɗaya, sai su ɗauka ko dai bai san Turanci ba ko kuma rigima yake nema, ita kuma Baturiyar taki ta zaɓi na biyun.

Da ni ne, ga abin da zan tura mata gobe da safe: "Sorry to bother you again. I think my last message came across more strongly than I intended, and I apologise. We are a little concerned that the payment has not arrived, as the delay is holding up our next shipment. Could you let us know when to expect it?" Kin ba da haƙuri a kan lafazi, ba a kan bin haƙƙinku ba, kuma concerned ɗin nan za ta gane ta sarai. Ki nuna wa oganki kafin ki tura, tunda shi aka bugo wa waya. In mako ya sake zagayowa shiru, sai ki cire "a little".